Darbil da Dalma

Ranar wata Juma'a cikin sanyin shekarar 1967, bayan an sauko daga masallaci, Baba ya riƙe hannuna muka ratsa lungunan Balad, tsohuwar unguwar Jidda, har bakin haraj, kasuwar da ake gwanjon tsofaffin kaya. Ina ɗan shekara goma sha biyu. A kan wata shimfiɗa, tsakanin tsofaffin fitilu da risho da takalman soja, wani ɗan Yaman ya ajiye doguwar bindiga mai kauri, katakonta ya yi baƙi saboda shan hannu. Irin wadda ake koya wa sababbin sojoji harbi da ita ce. A ido ka ce ta yaƙi ce, amma harsashinta bai fi ƙwayar gyaɗa ba, ɗaya-ɗaya ake sa mata, ƙararta kuma ba ta wuce ta bulala. Kusa da ita akwai wani baƙin bututu mai gilashi gaba da baya, wanda mutanen Jidda ke kira darbil, madubin da ake ɗora wa bindiga don ya jawo nesa kusa. Baba ya miƙo mini ya ce in leƙa. Na ɗaga shi wajen wani dogon gida, sai ga tagar katako a gabana, kowane rami na sassaƙarta a fili, ga tantabara a kai har ina ganin jan da'irar idonta. Na tsaya baki buɗe har mai kayan ya yi dariya. A lokacin na ɗauka sihirin bututun ne. Ban san kusan haka sauran yara suke ganin duniya kullum ba.

Abin da ya kai mu haraj ɗin ya faro ne daga makaranta. Ina cikin 'yan kashafa, yaran da ake sa wa kaki da gyale a wuya ana fita da su bayan gari. Idan an fita, malaminmu, wani Basudane mai haƙuri da muke kira Ustaz kawai, yakan raba mu gida biyu: masu harbin gwangwani, da masu hidima, wato ɗebo ruwa da itace. Ni kuwa tunda aka fara ban taɓa samun gwangwanin ba, domin ba na ma ganin sa sosai, wani farin abu kawai nake hange yana rawa a cikin zafi. Ustaz ya ce fita ta gaba ita ce ta ƙarshe, wanda bai samu ba ya koma hidima har ƙarshen shekara. Ga wani yaron wannan ba komai ba ne. Amma kakana da ƙafa ya zo daga ƙasar Hausa, ya yi hajji ya zauna, ya ƙare rayuwarsa yana sayar da ruwa da garwa biyu a sanda, kuma duk ajin sun sani. Idan faɗa ya haɗa ni da yaro, kalmar farko da zai jefe ni da ita ita ce "sagga", ɗan ga-ruwa. Na gwammace a kore ni daga makarantar da a gan ni da sandar nan a kafaɗa.

Ustaz ya aika wa Baba cewa a kai ni a gwada mini tabarau. Baba ya ƙi ƙememe. A unguwarmu an yi imani tabarau na tsofaffi ne, idon yaro idan ya saba da gilashi sai ya yi lalaci ya mutu. Amma da ya ji 'ya'yan 'yan kasuwa suna zuwa da bindigogin iyayensu, sai ya yi nasa lissafin: darbil ai ba a yini da shi a fuska, leƙawa ɗaya ce a sauke. Ya ɗauki rediyonsa, abin da ya fi so a ɗakin, aka yi musanya a haraj, muka dawo da bindiga da darbil a naɗe cikin buhu.

Baba samkari ne, mai ƙera kaya da gwangwani. Gidanmu na kwano ne da katakon akwati, a kudancin gari, tsakar gidan kuma shi ne shagonsa. Kullum cike yake da garewanin kananzir da na man girki, yana yanka su yana fitar da mazurari, moɗa, fitilar aci-balbal da butar shayi. Aikina bayan makaranta shi ne wanke garewani da toka, korar awaki kada su cinye takardun da Inna ke ƙulla soyayyiyar gyaɗa da su, da zuga masa gawayi har ƙarfen like ya yi ja. Idan na samu sarari sai in fice mu buga ƙwallon tsumma a bayan famfon unguwa, inda ni ake sa wa tsaron gida saboda ba na ganin ƙwallon sai ta iso. Babu abin da Baba ya yarda da shi a duniya kamar dalma. Tukunyar Inna, hannun ƙofa, gilashin fitila da ya tsage, har maɓallin wandona, duk sun sha ta.

Matsalar ita ce bindigar ba a yi ta don darbil ba, bayanta sumul yake, babu inda zai zauna. Ɗan Yaman ɗin ya ce mu kai wa wani mai gyaran bindiga, Babuhare, a Balad, zai huda ƙananan ramuka ya ɗaure mazauni da sukuru. A hanya Baba ya yi tsaki. "Ni da hannuna in kai wa wani aikin ƙarfe? Sukuru yau ka ɗaure, gobe ya kwance." Da yamma ya zaɓi garwar man shanu mai kauri, ya yanko falle, ya lanƙwasa shi kamar sirdi, ya kankare baƙin bayan bindigar har ƙarfen ya yi fari, ya shafa ruwan batir. Don kada abin ya karkace, sai ya ɗora darbil ɗin a mazauninsa tun kafin ya fara like. Gwangwani da ɗan zafi kaɗan yake kama dalma, amma ƙarfen bindiga mai kauri ne, shanye zafin yake yi. Dalma ta riƙa dunƙulewa tana gangarewa. Baba ya ce in ƙara wuta, na zuga har gumi ya rufe mini ido. Ya daɗe da ƙarfen like a wurin, har wani wari ya tashi kamar an ƙona ƙaro. Daga ƙarshe ta kama, ya goge aikin da tsumma, yana ta murmushi.

Da ya huce na leƙa. Wani hazo ruwan ɗorawa ya cika ciki, ƙananan kumfa sun yi layi a gefe, siraran zare biyu na saiti da suka gitta juna a tsakiya kuwa, ɗaya ya tsinke ya nannaɗe. Sai da na girma na san cewa gilasan ciki da wani irin danƙo ake haɗa su, zafi kuma narkar da shi yake yi. Na miƙa wa Baba. Ya daɗe yana leƙe, ya juya shi wajen haske, ya sake leƙawa. "Hayaƙi ne ya shiga, Usmanu. Zai washe." Muka shanya bindigar a kan rufin kwano, muka kwantar da ita cikin buhun shinkafa. Inna tana wucewa da faranti takan tambaya ko majinyacin ya samu sauƙi. Maƙwabta kuwa suna ta shigowa suna yaba kyan liken, babu wanda ya nemi ya leƙa, mu ma ba mu ce kowa ya leƙa ba.

Ranar fita aka zuba mu a bayan babbar mota aka nufi wajen Khumra, wadda a lokacin fili ne fetal, sai ƙaya da farin gishiri a ƙasa. Baba ya biyo mu ba tare da an gayyace shi ba, cikin farar rigarsa ta Juma'a, bindigar a naɗe cikin mayafin Inna. Da aka zo kaina ya kwance ta a gaban kowa. A gida idona bai taɓa tsayawa a kan abin ba, amma a nan cikin rana shi kowa ya fara gani: fallen garwar da Baba ya yanko yana ɗauke da hoton kan saniya, ja da rawaya, tana kallon mutane daga ƙarƙashin darbil. Wani yaro ya yi kukan saniya, sai duk layin ya fashe da dariya. Ustaz ya tsawata, ya karɓi bindigar ya leƙa, ya dubi Baba, ya dube ni, sannan a hankali ya ce, "Yalla ya Usman, gwada." Na kwanta a yashi. Cikin hazon ban ga gwangwani ba, ban ga ma dutsen da aka ɗora shi ba. Na harba, ƙura ta tashi can gefe. Na ja ƙarfen don in fitar da kwankon harsashi, hannuna ya bugi darbil ɗin, sai liken ya saki, ya faɗo da saniyarsa cikin yashi.

Baba ya durƙusa ya ɗauka, yana goge shi da hannun rigarsa. Ya ce wa Ustaz ai ya taho da ƙarfen like a aljihu, idan za a hura masa ɗan gawayi yanzu zai mayar. Wannan karon har manyan yaran da ke taimaka wa Ustaz sai da suka juya baya suna danne dariya. Ustaz ya ce wa Baba, "Halas ya Ammi, ya isa haka, ka bar shi." Ya kira sunana cikin 'yan hidima. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Garewani biyu da sanda suna jingine a jikin motar, rijiyar kuma tana can gangare. Na nufe su kaina a sunkuye.

Kafin in isa Baba ya riga ni. Ya tattare farar rigarsa ya soke a ƙugu, ya saɓa sandar, ya ce mini in je in zauna a inuwa. Ya gangara ya ciko su, ya hauro da irin tafiyar nan ta 'yan ga-ruwa, gajeren taku da sauri, kafaɗa a karkace, ruwa ko ɗigo bai zuba ba, domin tun yana yaro ya koya a bayan mahaifinsa. So yake ya ɗauke mini abin da nake tsoro, sai ga shi ya nuna wa duk ajin shi ƙarara. Sai wani yaro daga baya ya ja murya irin ta masu tallan ruwa ya kira kalmar. Baba ya ji, na san ya ji, domin wuyansa ya ɗan sanƙare. Ya juye ruwan a randar da aka taho da ita ya koma ya sake ɗebowa, har sai da ta cika. Ni kuwa ina zaune a gindin tayar mota na cusa fuska tsakanin gwiwoyi, kunya ta hana ni ko da ɗaga kai. A hanyar komawa ni da Baba muna zaune kafaɗa da kafaɗa, rigarsa jiƙe.

Yau inda muka yi harbin nan ɗakunan ajiyar kaya ne da garejoji, ba za ka iya nuna inda rijiyar take ba. Ruwa yana zuwa har cikin ɗaki, jikokina ba su taɓa ganin garwa a sanda ba, kalmar da ta hana ni barci a lokacin kuwa sai na fassara musu kafin su gane zagi ce. Gidan kwanon an rushe, Baba ya daɗe da rasuwa, ba wanda ke neman samkari. Wani lokaci idan na ji ƙamshin gawayi da yamma sai in ji ina marmarin a ce in ƙara wuta. Har yanzu idan na tuna ranar fuskata takan yi zafi. Mu biyu muka sha kunyar nan, amma ni a zaune na sha tawa, shi kuwa da kaya a kafaɗa.