Ranar da Lorene Ta Waiwaya

Tun Lorene Tibbets tana ƙarama sanƙarau ya tafi da jinta, ya bar mata ido da hannu. Da su ta yi aure a birnin Rochester na Amurka, da su ta raini 'yarta Darlene, da su ta tsufa a ɗakin wanki da guga na wani otal. Duk garin babu kurmar da ta kai ta iya sauraro da ido.

Bayan ta ajiye aiki Darlene ta matsa mata, aka yi mata tiyata aka dasa mata na'urar ji a bayan kunne. Duniya ta shigo mata kamar ana jan gwangwani a kan kwalta. Muryar mutum da kukan firji duk ɗaya. Da ciwon kai take wuni, amma ta daure don farin cikin 'yarta.

Wata Juma'a a kicin ɗin ƙungiyar kurame, aminiyarta Opal tana gaya mata da hannu cewa likita ya ce mijinta ba zai tashi ba. Murfin tukunya ya faɗi a bayansu, Lorene ta waiwaya. A wajen kurame kuwa, kawar da ido daga mai magana daidai yake da toshe kunne. Ko da ta juyo, hannuwan Opal sun kwanta a cinya.

"Je ki, uwar masu ji," in ji Opal da yatsu a sanyaye. "Tukunya na kiranki."

Washegari Lorene ta cire ɓangaren na'urar da ke manne a kanta ta jefa a gwangwanin shayi. Darlene ta gani, ta tsaya gabanta don ta karanta leɓenta.

"Haba Mama! Muryata ce ba kya so?"

"Ke tafi can," in ji Lorene, ta dafa ƙirjinta. "A nan na ji muryarki, kina jaririya kina tsala ihu. Wannan abin kuwa muryar agwagwa ya ba ki."

Darlene ta yi dariya, ido cike da ƙwalla. Ta ɗaga hannuwan da suka daɗe ba su yi magana ba. "To yanzu fa?"

"Ɗauko mota, gidan Opal za mu."

Can Lorene ta ja kujera har gwiwarta ta taɓa ta aminiyarta. "Faro mini daga farko," in ji ta da hannu.

Opal ta daɗe tana kallonta, sannan hannuwanta suka tashi. Iska ta buga ƙofa, kare ya yi ta haushi, idon Lorene bai motsa ba.