Jakar Tendai

Guangzhou, Talata

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba na fito daga masaukina da ke unguwar Guangyuan da jaka biyu, ɗaya tawa, ɗaya ta Tendai. Shi Tendai mutumin Zimbabuwe ne, shekara shida muna sarin tufafi tare a kasuwar Baima. Ciwon mako biyu ya tafi da shi, bayan ya sa na yi alkawarin miƙa wa mahaifiyarsa kayansa hannu da hannu. Direban tasi ya tambaye ni ko kasuwa za ni, na ce a'a, gaisuwa.

Harare zuwa Masvingo

Sau ɗaya muka canza jirgi, muka sauka Harare ranar Laraba da azahar. Farai, ƙanen marigayin, ya tare ni, na kwana a ɗakinsa. Alhamis ƙarfe bakwai muka hau bas zuwa Masvingo, tafiyar kusan kilomita ɗari uku, shingen 'yan sanda biyu. A hanya Farai ya koya mini gaisuwarsu: in na zo gaban tsohuwa in rusuna in tafa hannu a hankali. Na ce to. A zuciyata kuwa na ce ni Bakano, da gemuna, in yi tafi a gidan makoki? A wurinmu ai tafi na mata ne, ranar biki.

Ƙauyen su Tendai

Ƙarfe biyu muka isa. Tsohuwar na zaune a tabarma, mata sun kewaye ta. Na ɗora hannu a ƙirji irin namu, na tura jakar gabanta. Ko taɓa ta ba ta yi ba. Ta yi magana a hankali, Farai ya fassara, kansa a ƙasa.

"Tana tambaya ko ɗan aike ne kai. Wai ɗanta ya ce mata yana da ɗan'uwa a China, shi take jira."

Kunya ta rufe ni. Na durƙusa na tafa, tafin ma a karkace, har wata tsohuwa ta ɓoye murmushi. Uwar ta amsa da nata tafin, sannan ta buɗe jakar, ta rungume rigarsa tana kuka. Al'adarsu ce a raba kayan mamaci tsakanin dangi, sai ga shi ta miƙo mini shuɗiyar rigar sanyinsa. Da za a yi abinci, wuƙa suka ba ni na yanka kazar da kaina, don Tendai ya taɓa gaya musu yadda mu Musulmi muke da yanka. Muka ci da sadza, wato tuwon masararsu. Su sun koyi tawa al'adar tun ban zo ba.

Komawa

Litinin da magariba na iso Guangzhou lafiya. Na gode wa Allah, na gode wa Farai da mahaifiyarsa. Washegari Alhaji Sani maƙwabcina ya miƙo mini shayi, ban ankara ba na tafa sau biyu kafin in karɓa. Ya yi dariya ya ce yaushe na zama ƙawar amarya. Rigar Tendai na jikina, na share hawaye na kurɓi shayin.