Shaidar Maigidana a Kotun Majistare

Lokacin muna zaune a Kawo, maigidana yana aiki a sakatariya, ni kuma ina koyarwa a firamare. Ba ya shan taba, ba ya yawon banza, amma yana da ciwo guda: littattafan Turawan nan na lauyoyi da kisan kai. Shi da abokansa biyu suke musayarsu, duk sun yage sun sha salatif. Bayan la'asar sai su shimfiɗa tabarma a ƙofar gida su kama musu, ina jiyo su ta taga.

Ɗaya ya ce duk lauya maƙaryaci ne. Ɗayan ya ce ai alƙalin ne abin tsoro. Maigidana kuwa ra'ayinsa ɗaya ne kullum: "Ku dai ku sa ido kan mai shiru-shirun nan. Wanda kowa ya yarda da shi, shi ne ya yi."

Na taɓa karanta guda biyu, na ce masa ƙarya ce tsagwaronta. Ya ce ban san duniya ba.

Sai aka kama ƙanena. Direban bas ne a tashar Kawo, mutum mai sanyi, ko tsawa bai iya ba. Dilar atamfar wata 'yar kasuwa ta ɓace daga motarsa ranar Juma'a, daidai lokacin salla, aka ce shi ya sauke ta. Alhali a gidana ya ci tuwo ranar, suka tafi masallaci tare da maigidana, suka dawo tare. Na ce alhamdu lillahi, shaida a cikin gida. Ina abin damuwa?

Da aka ba da belinsa ya zo gaishe mu, sai na ga maigidana yana masa wani irin kallo ta saman tabarau.

"Da muka shiga masallaci, ina ka tsaya?"

"A waje, Yaya. Ciki ya cika."

"Wa ya gan ka?"

Na ce, "Haba Malam! A masallacin Juma'a wa yake ganin wani?"

Ya ce tambaya kawai yake yi. Amma daga ranar na rasa sukuni. Abokan nan suka bar zancen littafi suka koma kan ƙanena, murya ƙasa-ƙasa, in na gifta su yi tsit. Na ji ɗaya yana cewa daga masallacin zuwa tasha ai ba nisa, mai sauri zai je ya dawo kafin a idar da huɗuba. Na ji ɗayan yana gargaɗin maigidana cewa shaidar dangi ita ake fara yayyagawa, kada ya bari a kunyata shi. Wallahi har ni sai da na fara kallon hannun yaron nan in yana cin abinci, ina jin haushin kaina.

Ranar shari'a maigidana ya sha farar shadda, ya yi alwala, aka ba shi Alƙur'ani ya rantse. Ɗan sanda mai gabatar da ƙara wani tsoho ne, da gani a gajiye yake, so yake a gama ya tafi. Tambaya ɗaya ya yi:

"Wanda ake tuhuma yana tare da kai lokacin sallar Juma'a?"

E kawai ake nema. Maigidana ya gyara tsayuwa, ya ce sun tafi tare, sun dawo tare, amma abin da ya faru a tsakani ba zai iya rantsuwa a kansa ba, don idonsa bai gani ba. Ba wanda ya tambaye shi tsakani. Tsohon ya ɗago kai ya dube shi, alƙali ya sunkuya yana rubutu. Ƙanena bai kalli maigidana ba, ni ya kalla.

Aka ɗaure ƙanena.

Muka fito, ina tunanin bakin da zan gaya wa tsohuwarmu da shi. Muna tsaye a bakin titi muna jiran tasi, maigidana ya matso kusa da ni, fuskarsa a sake, ya ce:

"Kin dai gani ko? Ko sau ɗaya tsohon nan bai iya kama ni da ƙarya ba."