Igiyar Da Na Kwance A Ƙafar Abokina

Edita, lokacin da abin nan ya faru ina zaune a unguwar Danau Kota, ina sayen injinan mota na hannu a Kuala Lumpur ina turawa Kano. Ba wanda ya ɗora ni a kan sana'ar, da kaina na koya, kuma na saba idan na duba abu na yanke hukunci ba na jiran wani ya sake dubawa. A bakin kogi aka haife ni, a Yawuri, na iya iyo tun kafin in iya karatu. Shi ya sa da na gano wani bakin teku da ake kira Cherating, inda teku ke tashi a watannin ruwan sama na ƙarshen shekara, sai ya zama ba na barin Asabar ta wuce ni. Tuƙin awa uku ne, ban taɓa jin nisansa ba. Ana kwanciya a kan wani dogon allo mara nauyi, a jira raƙumin ruwa ya taso ta baya, ya ɗaga mutum, sai ya miƙe tsaye ruwan na gudu da shi zuwa gaɓa. Daƙiƙu kaɗan ne, amma a cikinsu ba kwantena, ba waya, ba mai nemana.

Ina da aboki ɗan Kaduna da ke karatun digiri na uku, yana zaune a unguwar Pantai Dalam da matarsa da 'ya'yansa mata biyu. Duk sanda muka haɗu shan shayi a wurin mamak, wato masu shayin can, sai in ga ya ƙara ramewa saboda karatu. Na matsa masa ya bi ni Cherating. Matarsa ta gaya mini iyonsa bai wuce na kwamin wanka na gidansu ba, na ce ta bar shi a hannuna.

A bakin tekun, Bamalayen da ke ba da hayar allo ya ɗaura masa igiya a idon sawu, ɗaya bakin a jikin allon, ya ce kada ya cire ta ko da wane dalili. Mu kuwa a kogi abin da masunta suka koya mana shi ne ba a shiga ruwa da igiya a ƙafa, kuma ina yaro na ga igiyar taru ta riƙe mutum a ƙasa. Ni kullum kwance tawa nake yi da zarar mutumin ya juya. Na durƙusa na kwance ta abokina. Ya tambaye ni ko ba komai, na ce masa mai kaya ne yake tsaron kayansa kada ruwa ya tafi da shi. Haka na karanta lamarin, da idon ɗan kasuwa.

Sau biyu abokina ya gwada ya faɗi a wurin da ƙafarsa ke taɓa ƙasa, yana ta dariya. Na fito shan ruwa. Ina tsaye sai ga allonsa ya iso gabana shi kaɗai. Na hango kansa can, ruwan da ke komawa ciki yana jansa. Na faɗa. Iyon kogi bai yi mini komai ba: sau uku ina kutsawa, sau uku ruwan ya naɗe ni ya watso ni kan yashi, gishiri cike da hancina. Bayan na ƙarshe ban sake shiga ba. Ina durƙushe ina kallon hannunsa yana fitowa yana ɓacewa, ba abin da nake iyawa sai salati. A nan na gane cewa allon shi ne abin da mutum zai rungume ya tsaya a saman ruwa, igiyar kuma ita ke dawo masa da shi.

Mai hayar ne ya shiga da nasa allon ya ɗauko abokina, ya yi ta danna ƙirjinsa har ya yi aman ruwa. Daga baya ya ɗaga igiyar ya ga ba tsinkewa ta yi ba. Ya juyo ya dube ni.

Kwana huɗu abokina ya yi a asibiti. Da matarsa ta tambayi yadda allon ya kuɓuce masa, ina tsaye ya ce igiyar ce ta zame. Bai taɓa tayar mini da maganar ba har yau. Ita kuwa duk Kirsimeti sai ta aiko mini da abinci, tana cewa Alhaji ne ya shiga teku saboda mijinta. Ina karɓa in yi godiya, in bar ta a kan abin da ta sani.

Masu karatu, abin da kuka ƙware a kansa a gida yana iya zama shi ne zai kashe wani a inda ba ku sani ba. Idan ɗan wuri ya ce ku bar abu a ɗaure, ku tambaye shi dalili kafin ku sa hannu, balle idan ƙafar ba taku ba ce. Ni ban tambaya ba, kuma saura kaɗan in koma Pantai Dalam da takalmansa kawai.