Ƙwan Kazarmu da Ƴaƴan Mesar Kaka

Har yau ba na iya wanke kwanon da aka fasa ɗanyen ƙwai a ciki. Da ƙarnin ya bugi hancina sai miyau ya taru mini a baki, in ga kaina tsugune a bayan rumbun kakana, ina riƙe da wuyan ɗan mesa. Kai mai karatu, in kana cin abinci, ajiye cokalin tukuna.

Kakana na wajen uba gardi ne, mai wasa da macizai. Daga ƙauyenmu yakan ci kasuwar Mayahi, wani lokaci har Tasawa, da mesa naɗe a wuya, mutane su taru, shi kuma ya sayar da maganin sara. Da wannan ya ci da gida shekara da shekaru. Ni dai tun ina ƙarama ba na son ko inuwar kwandonsa.

Sai ga shekarar da ruwa ya ɗauke gero yana bununi. Zamanin soja ne, a nan da can Najeriya. Babana ya tafi can ci-rani, aka rufe iyaka, muka daina jin ɗuriyarsa. Jar dawar taimako sai an kwana biyu a layi gaban jandarmomi kafin a samu abin da ba zai kai mako ba, sauran kwanakin kuwa anza, ƴaƴan wani itacen daji, muke jiƙawa har ɗacinta ya ragu. A cikin wannan hali mesar kaka ta mutu, ta bar ƴaƴa huɗu cikin wata tsohuwar tukunya. Su ne jarinsa duka. In sun girma zai koma kasuwa, in sun mutu sana'a ta ƙare, don tsufa ya hana shi shiga daji kamun wata.

Abincinsu jinjiran ɓera ne, to amma rumbu babu ko ƙwaya, ɓerayen ma sun yi ƙaura. Sai kaka ya koma ga kazarmu guda ɗaya da ta rage, wadda ke yin ƙwai yau, gobe ta huta. Hannunsa na rawa, ni ce babba a yara, shekarata tara, sai aikin ya faɗo kaina. Zai kaɗa ƙwan a ƙoƙo, ya guntsa a bakinsa, ni in matse wuyan ɗan mesar har ya buɗe baki, ya zura masa bututun gashin angulu, ya hura. Abin yana da sanyi, yana naɗe mini hannu, wani lokaci ya amayo ƙwan a yatsuna, wani lokaci ya sako mini farin kashi mai wari kamar rubaɓɓen kifi. Kaka ya goge gemunsa da bayan hannu, ya yi dariya.

"Amarya, haka za ki riƙa ɓata huska in na kai ki ɗakina?"

"Allah shi kiyashe ni da miji mai bakin ƙarni," in ji ni.

Ƙanena kuwa nonon inna ya ƙafe, an yaye shi ba shiri. Gashinsa ya yi ja, ƙafafunsa suka kumbura, in ka danna sai wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Inna tana kallo ƙwai yana wuce ɗanta yana tafiya bayan rumbu, amma suruka ba ta ɗaga ido ta dubi uban mijinta, balle ta ja da shi. Sai ta riƙa yi wa kazar magana, da ƙarfi yadda zai ji ta bayan zana.

"Sannu ke, uwar macizai. Ɗiyan mutane dai su ci haƙuri."

Na fara sata. Da kazar ta yi kyarkyara sai in riga kaka, in binne ƙwan a toka mai zafi, in ɓare wa ƙanena. Na ce wa kaka ta daina yi. Rana ta uku ya tarar da yaron da gwaiduwa a gefen baki. Ya dube shi, ya dube ni, na jira sanda. Sai ya ce kawai, a gidanmu gardi ba ya barin maciji ya mutu da yunwa a hannunsa, haka ya gada, in ɗauko hauya gobe da safe.

Muka tafi wani tabki da ya bushe a cikin gulbi, ƙasarsa duk ta tsattsage. Kaka yana tafe yana ƙwanƙwasa ta da sanda, yana saurare, har ya ce in tona nan. Na tona har gwiwar hannu, yatsuna suka taɓa wani abu mai laushi. Burduddugi ne, ƙaton kwaɗon nan, ya shige laka tun ƙarshen damina yana barci cikin wata fata mai yauƙi. Da na zaro shi ya buɗe ido ya tsula mini fitsari. Na yar, na yi kakarin amai, amma cikina babu abin da zai fito. Kaka ya ɗauka ya sa a burgami, jakarsa ta fata. Shida muka samu ran nan, zai yayyanka ya ɗura wa ƴaƴan mesarsa.

Muna shiga gida muka ji inna tana kiran sunan yaron a hankali, tana maimaitawa. Yana kwance a cinyarta, ko kuka ya daina, ƙudaje sun cika masa baki. Kazar ma ƙaryar da na yi ta kama ta, ta daina ƙwan da gaske. Kaka ya daɗe tsaye, tukunya tana can bayan rumbu, yaro yana nan. Sai ya miƙa burgamin ta saman zana.

"A yi ma yaron ga romo."

Inna ta leƙa ciki. Ran nan na fara jin ta yi masa magana baki da baki.

"Baba, kwaɗo ne hwa."

"Na gani, ɗiyata. Halal ne. Ki sa gishiri."

Ni na feɗe su, don inna ta kasa. Fatar tana saɓulewa kamar riga, cinyoyin farare suna motsi bayan an cire kai. Aka dafa, inna tana ɗura wa yaron da ludayi, fuskarta a juye. Ya haɗiye, ya sake buɗe baki. Kuma bari in faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba: da aka ba ni tukunyar romon in wanke, na zaga bayan ɗaki na lashe ta tas, ina kuka, ina ƙyamar kaina.

Abin da tabkin zai bayar ba zai ishi ciki biyar ba, na ƴaƴan mesa huɗu da na yaro, kaka ya sani. Washegari ya ɗauki tukunyar ƴaƴan mesarsa da kansa, ya kai gindin wani suri a bakin gulbi, ya karkata ta. Suka sulale ɗaya bayan ɗaya suka shige rami. Ya ce musu su yafe, bai rage su da komai ba sai da ya rasa. Ni murna na yi, ba zan ɓoye ba. Daga nan kullum sai ya fita da hauya, har ruwa ya sauka, kumburin yaron ya saɓe. Kasuwa kam bai sake ci ba, tufkar igiya ya koma yi a ƙofar gida har ya rasu.

Yanzu babu gardi ko ɗaya a ƙauyenmu, tabkin ma an mai da shi gona. Ƙanena babban ma'aikaci ne a Maraɗi, mutumin da in ƙuda ya sauka a kwanonsa sai an canza masa wani, kuma ba ya son a tuna masa sana'ar kakansa. Daminar bara ina gidansa, kwaɗo ya yi tsalle ya hau baranda, ya ɗaga takalmi zai take shi. Na riga shi, na ɗauke shi da hannuna, tsikar jikina tana tashi har kafaɗa, na kai shi cikin ciyawa.

"Yaya, mi ya haɗa ki da ƙazantar ga?"

"Bar shi," na ce. "Danginshi ne suka ƙarasa shayar da kai."

Ya yi dariya, ya ɗauka zolaya ce. Na bar shi a haka, na je na wanke hannuna da sabulu har sau uku.