Tiyon da Baba Ya Toshe

Babana, wanda mutanen Ibohamane ke kira Alhusaini Mai Kat-kat, ya yi shekara ashirin da biyu yana zuwa bida, wato ci-rani, Abijan, yana tallar gwanjo a ka. Sai da na kai shekara shida kafin in daina ɓuya bayan Inna idan ya dawo. Ina rubuta wannan ne don ƙannena, saboda sun ga ƙarshen abin, ba su ga farkonsa ba.

A 2016 ya tattara abin da ya samu ya sayi tsohuwar mota kat-kat fara, mai shan gazuwal, wato man dizal, mai turbo. Ranar da ya kawo ta, ya tsaya tsakar gida ya ce wa Inna a gabanmu, "Sabuwa, na gama bida. In dai wagga mota na tahiya, ni ba ni sake tahiya."

Haka kuwa aka yi shekara shida. Yana ɗaukar mutane da buhunan albasa da awaki zuwa kasuwannin Keita da Buza, wani lokaci har Madawa. Kullum magariba a gida take yi masa. Mutum ne mai tsabta har ta yi yawa. Ruwan da muke wahalar jawowa daga rijiya, sai ya raba shi biyu, rabi na wankansa, rabi na gilashin mota.

Abu ɗaya ke damunsa. Akwai wani baƙin tiyo da ya fito daga saman injin ya leƙo ƙasa, bakinsa a buɗe. Haka ya saye ta. Idan motar ta yi tafiya ta tsaya, tiyon yakan ɗan fitar da tururi, ya ɗiga baƙin mai sau biyu ko uku. Wurin da yake ajiye ta kuwa inuwar ƙofar gidanmu ce, inda ake share rairayi, mazan unguwa su shimfiɗa tabarmi su yi la'asar. Wata rana Baba Mustafa, taubashin Baba, ya tashi daga salla da baƙin tabo a gwiwar farin wandonsa.

"Alhusaini, amaryar taka hitsarin kwance ta kai?" in ji shi. "Ka ɗaura mata tsumma mana, ko ka maishe ta gidan ubanta."

Kowa ya yi dariya. Baba ma ya yi, amma na ga kunya a fuskarsa.

Washegari da safe ya yanko reshen aduwa. Yana yaro ya yi kiwo tare da Buzaye, ya iya sassaƙa toshiyar bakin salka wadda ko ɗigon ruwa ba ya wucewa. Irinta ya sassaƙa, ya cusa a bakin tiyon, ya naɗe da robar taya tamau. Ɗiga ta tsaya. Har Baba Mustafa ya kira ya zo ya duba ƙasa.

Bayan mako biyu sai man inji ya fara ɓacewa. Ya ciro sandar awo da safe, ya ga man ya sauka ƙasa da zane. Ya ƙara. Bayan kwana uku ya sake sauka. Ƙasa kuwa tas, ba tabo ko ɗaya. Ya zargi masu lodi a tasha, ya saya wa kapo, murfin injin, kwado. Inna ta ce baki ne, ta turara motar da hazba, turaren tsari da kakata ta ba ta. Hayaƙin baya ya koma shuɗi-shuɗi. Da Baba ya gaji da ƙari kullum, sai ya fara zuba mai har ya wuce zanen sama, wai ya ishe shi zuwa da dawowa.

Ya kira Yosefu, makaniken da ke duba masa ita a Madawa, Kirista ne, tsohon abokinsa tun Abijan. Ina kusa, wayar a buɗe take.

"Tana zubarwa ƙasa?" in ji Yosefu.

"Ko ɗigo!" Baba ya faɗa da alfahari.

"To ciki ta ka sha. Kawo ta in gani, kada ka daɗe."

Baba bai ambaci toshiyar ba. Ba ɓoyewa ya yi ba. A wurinsa wannan gyara ne da ya riga ya yi nasara, ba shi da alaƙa da ciwon.

Ya ce sai an gama kwasar albasa. Ranar da muka tashi zuwa Madawa ina gaba kusa da shi, za ni karɓo takardata ta makaranta. Mutum tara ne a baya. Hantsi ya yi, mun kama hawan dutsen da ke kafin Buza, sai kukan injin ya canja. Ya yi sama, ya ƙara yin sama. Baba ya ɗauke ƙafarsa, kukan bai sauka ba. Ya fitar da motar daga giya, ya taka birki, muka tsaya a gefen hanya. Ya murɗa makulli ya zare shi.

Injin bai mutu ba.

Farin hayaƙi ya rufe hanya har ba a ganin duwatsu. Mutane suka dira ta ko'ina, wata mata ta jefo jaririnta hannuna ta taga kafin ta fito. "Kashe ta! Direba, kashe ta!" Baba ya ɗaga makullin sama yana nuna musu. Ya koma ciki ya sa babbar giya don ya shaƙe ta, sai ƙauri ya tashi, motar ta yi girgiza kawai, kukan ya ci gaba. Ya fito ya cire wayar batir. Wani ya watsa ƙasa a kan kapo. Wani tsoho yana ta salati. Baba ya zagaya ta sau biyu, hannuwansa a buɗe, yana cewa, "Tsaya mana. Don Allah tsaya." Daga baya wani ya ja shi nesa.

Ban san minti nawa ba ne. Aka ji ƙara kamar an fasa dutse, sai shiru. Baƙin mai ya malalo daga ƙarƙashi ya bi gangare.

Yosefu ya iso da azahar a kan babur. Ya kwanta ƙarƙashin motar, ya jima, ya fito da icen aduwa a hannunsa.

"Wa yas sa wanga?"

"Ni. Ɗiga ta kai."

Yosefu ya zauna a kan dutse. Ya yi bayani a hankali, yana kallon ƙasa. Ya ce kowane inji yana tara iska mai zafi a cikinsa, inda mai ke kwance, kuma ta wannan tiyo take fita. Da aka toshe, iskar ta rasa hanya, ta riƙa tura mai ta cikin turbo zuwa inda injin ke shaƙar iska. Can man ke tafiya duk makonnin nan. Yau ya taru ya yi yawa, injin ya kama ƙona shi kamar gazuwal. Makulli gazuwal kawai yake yankewa.

"To da mi za ni yi?" in ji Baba.

"Da an rufe mata bakin shan iska da katako, da ta mutu."

"Katako kawai?"

"Ban taɓa gaya maka ba, aboki. Laihina na ciki."

Baba ya miƙe. Ya tambayi fasinjoji ɗaya bayan ɗaya ko wani ya ji ciwo, ya tare musu wata mota.

Ƙarfe ya huda cikin injin, rami ne da hannuna ke shiga. Yosefu ya yi wata uku yana cigiyar irin injin har Konni da Maraɗi. Wanda ya samu ɗaya ne, ya fi ƙarfinmu nesa ba kusa ba. Daminar shekarar kuma geron da muka samu ba zai kai mu ko rabin shekara ba.

Bayan kaka Baba ya fito da tsohuwar jakarsa ta zuwa Abijan. Shekarunsa hamsin da bakwai. Inna ta daka masa ƙuli da garin yaji. Baba Mustafa ya raka shi tasha yana riƙe da jakar, bai yi wasa ko ɗaya ba a hanya. Aka ba Baba wuri a bayan motar wani, a kan buhuna, tsakanin samarin da ke tafiya karo na farko.

Ran Juma'a yake kira. Ya ce ƙafafunsa na kumbura da yamma, yanzu rabin unguwannin da yake zagawa da ne kawai yake iya kaiwa. Na tambaye shi yaushe zai dawo. Ya ce in ba Inna wayar.