Jirgin Yashi a Mahaɗar Kwara da Binuwai

Kusada zuwa Kano

Ana sallame sallar asuba muka bar Kusada, ni da mahaifiyata, Inna Habi. Ƙanena Lawal aka yi wa haihuwa a Lakwaja, inda yake sayar da hatsi, Inna kuwa ta ce ko a kan jaki ne sai ta je ta ga jikanta. 'Yan acaɓa suka sauke mu a bakin titin Kankiya, muka yi sa'a motar Kano ta kusa cika. Ta Tsanyawa da Bichi muka bi, hantsi ya same mu a tashar Kano.

Kano zuwa Lakwaja

Nan tafiya ta miƙe: Zariya, Kaduna, Abuja, shingen jami'an tsaro bayan shinge. A Tafa muka yi sallah, muka ci shinkafa da wake. Inna ta ɗanɗana furar wurin ta ajiye, ta ce wannan ai kunu ne ya huce. Bayan magariba Lawal ya tarbe mu.

Kan ruwa

Kashegarin suna Lawal ya ce bai kamata Inna ta koma gida ba ta ga inda Kwara da Binuwai suka haɗu ba. Ya ɗauko mana ƙaramin jirgi mai inji na wani Banufe, Malam Ndagi, wanda ya miƙo mana rigunan kariya daga nutsewa tun a gaɓa.

"Bisa hijabin za a ɗaura mani wannan?" in ji Inna.

"Mama, in ba ki sa ba, jirgina ba ya tashi," in ji shi. Ta sa.

Mun kai tsakiyar ruwa, Inna tana ta tasbihi saboda faɗinsa, sai injin ya yi tari ya mutu. Kainuwa ce ta naɗe farfelar injin. Daidai nan muka ji oda mai ƙarfi. Wani ƙaton jirgin dakon yashi, shimfiɗaɗɗe kamar fili, yana gangarowa, wani jirgin yana tura shi daga baya, mu kuma muna kan hanyarsa.

Na miƙe ina ɗaga hannu ina ihu su tsaya.

"Zauna, Malam!" Ndagi ya ce. "Wancan ba shi da birki. Matuƙin yana can baya, yashi ya tare masa gaba. Ko ya gan mu, kafin ya tsaya ya bi ta kanmu."

Ya jefo wa Lawal filafilin tuƙi, ya riƙe ɗaya, ya nuna mana wani tsibiri da ke dama. Ni da murfin bokiti na yi ta tura ruwa. Inna ta zauna daram a tsakiya kamar yadda ya ce, hannunta a ƙafata, tana ambaton Allah. Kafaɗata kamar za ta cire. Sai da inuwar jirgin ta kusa taɓa mu sannan muka fice daga hanyarsa.

"Ku riƙe da kyau, saura igiyar ruwansa," in ji Ndagi. Ya juya mana goshin jirgi ya fuskance ta. Ta ɗaga mu ta sauke, ta jiƙa mu sharkaf, amma ba mu kife ba.

Ndagi ya cire kainuwar, ya tayar da injin, ya maido mu. A gaɓa Inna ta daɗe tana sa masa albarka, har ya rasa inda zai sa fuskarsa.

Komawa gida

Muka juyo ta hanyar da muka zo, muka kwana a Kano, kafin azahar muna Kusada. Mata suka cika ɗakin Inna suna barka da hanya, suna tambayar Lawal.

"Yana lafiya," ta ce. "Da ɗa guda gare ni a Lakwaja, yanzu biyu ne. Ku riƙa sa mani Ndagi a addu'a."

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu. Malam Ndagi kuwa, Allah Ya tsare shi a kan ruwa kamar yadda ya tsare mana uwa.